Dutsen Arlit, Tukunyar Samaru da Duhun Sharaɗa

Wanda ya bi hanyar Fanshekara ya ratsa ta Zawaciki, ko bai tambaya ba zai gane ya shigo yankin da wutar Kano take sauka. Dogayen turakun ƙarfe ne a jere, ɗauke da manyan wayoyi, duk sun nufi babbar tashar lantarki ta Kumbotso. A can ake rage wa wutar ƙarfi a raba ta: wani kaso ya shiga birni ta Ɗan Agundi, wani ya nufi Dakata da Bompai, wani ya tsaya nan kusa a masana'antun Chalawa da Sharaɗa, wani kuma ya wuce Katsina da Jigawa. Sai dai kusan duk wutar nan baƙuwa ce. Daga Shiroro da Kainji da Jebba take, ko daga tashoshin gas na kudu, sai ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ta biyo ta Mando a Kaduna kafin ta iso. A watan Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan wanda ke biyowa ta Binuwai shi ma ya faɗi, Kano da galibin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Injuna suka tsaya, masu ƙanƙara suka tafka asara, masu walda suka naɗe hannu.

Duk lokacin da aka shiga irin wannan hali, a majalisar unguwa ko a gidan rediyo, sai an sami mai cewa, to mu me ya hana mu yin tashar nukiliya? Tambayar ba ta wauta ba ce. Dutsen da irin wannan tasha take ci yana nan arewa da Agadas, a Arlit, garin da da Hausa ake ciniki a kasuwarsa. Tukunyar nukiliya ɗaya tilo da Najeriya ta mallaka tana Samaru ta Zariya, tafiyar awa biyu daga Kano. Masu ƙishin wutar kuwa ga su a Sharaɗa da Chalawa da Bompai. Abu uku ne a maƙwabtaka, kowanne da tarihinsa, kuma har yau ba su gamu ba.

Kano ta san lantarki tun 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da En'e ta buɗe aikin ruwan famfo da wuta. Jirgin ƙasa ya riga ya iso tun 1911, gyaɗa da fata da auduga sun janyo kamfanonin Turawa da 'yan Labanan, attajiran gari irin su Alhassan Ɗantata sun yi ƙarfi. Bompai ce unguwar masana'antu ta farko, inda aka riƙa matsar man gyaɗa, ana yin sabulu da alewa da turare da kwanuka da takalma. Da aka ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, kuɗin man fetur kuma ya shigo a shekarun 1970, sai aka yanka Sharaɗa kashi-kashi, daga baya Chalawa ta biyo, majemu suka taru a cikinta saboda kusancin kogi. An kammala madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972. A wancan zamani jiniyar kamfani ce agogon unguwanni da yawa, masaƙu suna aiki ba dare ba rana, ma'aikata na sauka wasu na hawa.

A kowace masaƙa da kowace babbar majema akwai ɗakin boila. Nan ake ƙona baƙin mai a tafasa ruwa a rufaffiyar tukunyar ƙarfe, tururin ya bi bututu ya tafi wurin rini da busarwa. Dattijon da ya yi rayuwarsa a wannan ɗaki, idonsa a kan agogon matsi, kunnensa a kan ƙarar bututu, ya riga ya san rabin aikin tashar nukiliya ko da bai taɓa jin sunanta ba. Domin tashar nukiliya ba ta tatso lantarki daga jikin yuraniyom kai tsaye. Ruwa take tafasawa. Tururin ya fita da ƙarfi ya bugi fukafukan wata doguwar farfela, farfelar ta juya sandar ƙarfe, sandar ta juya maganaɗisu a tsakiyar naɗin wayar tagulla, lantarki ya gudana a cikin wayar. Michael Faraday ya gano wannan dabara a Ingila tun 1831, kuma a kanta janaretan mai shago yake aiki, a kanta Kainji take aiki, sai dai can nauyin ruwan kogi ne ke juya farfelar. Abin da ya bambanta tashar nukiliya da ta kwal ko ta baƙin mai shi ne inda zafin yake fitowa.

Komai na duniya, daga iska har ƙarfe, da ƙwayoyin zarra aka gina shi, kuma kowace ƙwaya tana da cibiya wadda kusan duk nauyinta yake ciki. A cibiyar akwai furoton da nutiron cunkushe wuri guda. A yawancin abubuwa wannan cunkoso zaune yake daram. Yuraniyom kuwa furoton 92 gare shi, nauyi ya yi masa yawa, kuma akwai wani jinsinsa mai lamba 235 da cibiyarsa take a kan gaɓa. Nutiron guda in ya shige ta, sai ta girgiza ta dare gida biyu. Ɓarayin biyu su watse da gudun gaske, su bugi na kusa da su, gudun ya koma zafi. Tare da su kuma nutiron biyu ko uku su kuɓuce. In ɗaya daga cikinsu ya sami wata cibiyar ya fasa, ita ma ta saki nata, to abu ya kama, zai yi ta ci da kansa. Babu harshen wuta, babu hayaƙi, ba a buƙatar iska.

Masana biyu a Balin, Otto Hahn da Fritz Strassmann, su suka fara ganin alamar wannan a watan Disamban 1938, suka rasa yadda za su fassara abin da gwajinsu ya nuna. Abokiyar aikinsu Lise Meitner, wadda ta tsere wa mulkin Hitila zuwa Suwidin saboda asalinta na Yahudawa, ita da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch suka warware lissafin: cibiyar ce ta fashe. Watanni kaɗan bayan haka yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, ilimin ya faɗa hannun soja. Ranar 2 ga Disamban 1942, a ƙarƙashin rumfar 'yan kallo ta filin wasan Jami'ar Shikago, Enrico Fermi da mutanensa suka tara tubalan baƙin dutsen girafayit da dunƙulen yuraniyom, suka zare sandunan da ke tsare da shi a hankali, fashewar ta kama ta ci gaba da kanta a karon farko a hannun ɗan Adam. Yawancin yuraniyom ɗin da Amurka ta yi aikin bam da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta ƙasar Kwango aka ɗebo shi. Ranar 6 ga Agustan 1945 aka jefa wa Hiroshima bam ɗin. Da makamin ƙare-dangi duniya ta fara sanin zarra, kuma wannan tsoro bai bar zukata ba har yanzu.

Lantarkin ya biyo baya da 'yan shekaru. Ranar 20 ga Disamban 1951 wata tukunyar gwaji a jihar Aidaho ta kunna ƙwan fitila huɗu. Tarayyar Sobiyat ta haɗa tashar Obninsk mai megawat 5 da layin gari a 1954, Ingila ta buɗe Calder Hall a 1956, Amurka ta buɗe Shippingport a 1957, shekarar da aka kafa hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA. Fasalin Shippingport daga injunan jiragen ruwan yaƙi aka ɗauko shi, kuma shi ne ya fi yawa a duniya yau, don haka shi ya kamata a bi dalla-dalla.

Yuraniyom ɗin da ake haƙowa, jinsin 235 bai wuce kashi 0.7 cikin 100 nasa ba, sauran duk jinsin 238 ne wanda ba ya fashewa da sauƙi. Sai an mayar da shi iska, an juya shi a dubban injuna masu gudun tsiya, mai nauyi ya ware gefe, sannan a sami wanda 235 ɗinsa ya kai kashi 3 zuwa 5. Wannan shi ne na tasha. Na bam yakan kai wajen kashi 90, shi ya sa tashar lantarki ba za ta iya tashi kamar bam ba, shi ya sa kuma rigimar Iran da ƙasashen Yamma take kan waɗannan injuna da adadin da suke tacewa. Bayan tacewa sai a cura shi ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe, kowace ba ta fi gaɓar ƙaramin yatsa ba, amma zafin da ke cikinta ya kai na kusan tan guda na kwal. A jera ƙwayoyin cikin siraran bututun ƙarfen zakoniyom masu tsawon kusan mita 4, a ɗaure bututun dami-dami, a tsayar da damman a cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai kaurin bango kusan santimita 20, a cika ta da ruwa.

Ruwan nan aiki biyu yake yi. Na farko, nutiron ɗin da ke fitowa daga fashewa gudunsa ya yi yawa, zai wuce cibiyoyi bai taɓa su ba. Karo da ƙwayoyin ruwa ne yake rage masa gudu har ya iya fasa wata. Na biyu, ruwan ne ke kwashe zafin. Yakan haura digiri 300, amma ba ya tafasa, saboda an danne shi da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 150 da wani abu. Manyan famfuna su tura shi ta cikin dubban ƙananan bututu a wata tukunya ta biyu, inda wani ruwan dabam, wanda ba a danne sosai ba, yake kewaye da bututun. Wannan na biyun ne ke tafasa ya zama tururin da ke juya farfela. Ruwan biyu ba sa haɗuwa, don kada gubar na ciki ta fita. Tururin in ya gama aiki sai a sanyaya shi ya koma ruwa ya sake zagayowa, kuma ruwa na uku ne ke sanyaya shi, na teku ko na kogi. Farin abin da ake gani yana tashi daga manyan hasumiyoyin tashar a hoto ba hayaƙi ba ne, tururin wannan ruwa na uku ne. Daga duk zafin da tukunyar ta samar, kimanin sulusi ne ke zama lantarki, sauran ya bi ruwa da iska.

Linzamin tukunyar yana hannun sanduna ne da aka yi da abubuwa masu haɗiye nutiron, irin su boron da kadmiyom. A tura su ciki, fashewa ta ragu. A zare su, ta ƙaru. A sake su gaba ɗaya su faɗa, ta tsaya cikin 'yan daƙiƙu. Akwai kuma wata rahama a cikin halittar abin. Ƙasa da kashi ɗaya cikin 100 na nutiron ɗin ba sa fitowa nan take, sai bayan daƙiƙu, kuma wannan ɗan jinkiri shi ne ya ba mutum da na'ura damar riƙe ragamar. Ba don shi ba, babu hannun da zai iya bin saurin abin. Duk wannan ana rufe shi da ginin kankare mai kaurin fiye da mita guda. Tasha mai megawat 1,000 takan ci tan 20 da wani abu na tataccen yuraniyom a shekara, wanda ake samu daga kimanin tan 200 na ɗanye, alhali takwararta ta kwal sai ta ƙona fiye da tan miliyan 2. Sau ɗaya a shekara da rabi ko biyu ake kashe ta a canza mata kashi ɗaya cikin uku na abincinta. Akwai irin waɗannan tukwane sama da 400 a ƙasashe kimanin 30, suna ba da kusan kashi 9 cikin 100 na lantarkin duniya.

Ƙasar Hausa ba ta fitila ta fara jin labarin nukiliya ba, ta iskar hunturu ce. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a kusa da Reggane, cikin Saharar Aljeriya, a daidai lokacin da iska ke kwaso ƙurar hamada ta sauke ta a Katsina da Kano da Sakkwato. Hankali ya tashi a duk Afirka ta Yamma. Faransa ta sake yi a Afrilu, ta kuma yi na uku a ƙarshen Disamba. A farkon Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ba ta fi wata uku da samun 'yanci ba, ta kori jakadan Faransa daga Legas, ta hana jiragen sama da na ruwan Faransa sauka a ƙasar. Mutumin da ake yi wa kallon mai sanyin hali, shi ya ɗauki matakin da ya fi na kowa tsauri. Daga wannan fargaba aka kafa sashen auna tiririn nukiliya a Jami'ar Badun a 1964, shekarar da Najeriya ta shiga IAEA.

A lokacin da ake wannan rigima, Faransawa masu binciken ma'adinai sun riga sun ci karo da yuraniyom a Azelik, yammacin Agadas, tun 1957, suna neman tagulla. Aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara haƙa a Arlit a 1971, a wurin da da babu komai sai makiyayan Buzaye. COMINAK ya biyo da ramin ƙarƙashin ƙasa a Akouta a 1978. Gari ya tashi a tsakiyar hamada, 'yan ci-rani daga Tawa da Maraɗi da Damagaram suka kwarara, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit da har yau ake kira hanyar yuraniyom. A can ake niƙa dutsen, a jiƙa shi da ruwan asid, a fitar da wani gari mai ruwan ɗorawa, a ɗura a durom. Kafin a rufe iyaka a 2023, manyan motoci ne ke kai shi Paraku a ƙasar Binin, jirgin ƙasa ya kai Kwatano, jirgin ruwa ya kai Faransa, inda ake sarrafa shi a Malvési a tace a Tricastin. Bayan tashin farashin mai na 1973, Firayim Minista Pierre Messmer ya sa Faransa ta rungumi nukiliya gadan-gadan, har ta kai ga samun kimanin kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga tukwane 50 da wani abu.

A shekarun da haƙar ta fi albarka Nijar ta fitar da sama da tan 4,000 a shekara. In aka bi lissafin da ya gabata, wannan ya isa ciyar da tashoshi wajen 20 masu megawat dubu-dubu, wato ninki huɗu na abin da layin Najeriya duka yake rabawa a rana mai kyau. Amma mahaƙar kanta da wutar kwal take aiki, daga tashar SONICHAR da ke kusa da Cirozerin. Birnin Yamai kuwa da wutar Kainji yake haskaka ta layin Birnin Kebbi, Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina. 'Yan Nijar da ke da lantarki a gida ba su wuce ɗaya cikin biyar ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Da aka rufe COMINAK a watan Maris na 2021, tsaunukan tarkacen dutse na miliyoyin tan aka bari a gefen gari, waɗanda ƙungiyar Aghirin'man ta mutanen Arlit ta daɗe tana kuka a kan ƙurarsu da ruwan shan da ke ƙarƙashinsu.

Najeriya ta kafa hukumar makamashin nukiliyarta a 1976, zamanin mulkin soja na Obasanjo, shekarun da Afirka ta Kudu ta wariyar launin fata ke ƙera nata makamin a ɓoye. Hukumar ta kwanta a takarda shekara 30, sai a 2006 Obasanjon ya dawo ya tashe ta. Abin da ya yi rai tun farko shi ne cibiyoyin horo biyu, ɗaya a Ile-Ife, ɗaya a Jami'ar Ahmadu Bello, wato cibiyar binciken makamashi da ake kira CERT. Can aka girka tukunyar NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin, da taimakon IAEA, ta kama aiki ranar 3 ga Fabrairun 2004. Kada mai karatu ya ɗauka wani ƙaton abu ne. Zuciyarta ba ta fi santimita 23 a faɗi da tsayi ba, tana nutse a ƙasan wani tafkin ruwa, sandar linzami guda ɗaya gare ta, zafin da take bayarwa kilowat 30 da wani abu ne kacal, kuma ko ƙwan fitila ɗaya ba ta kunnawa. Aikinta nutiron ne. A saka ɗan samfurin ƙasar gona ko dutse ko hatsi ko ruwan kogi, nutiron ya ratsa shi, kowane ƙarfe da ke ciki ya bayyana kansa ta irin tiririn da yake fitarwa. Da haka ake gane darajar ma'adinai, da yawan gubar ƙarfe a irin ruwan da majemu ke zubarwa.

Ƙarama ce, amma abincinta na farko yuraniyom ne da aka tace zuwa kashi 90, kimanin kilo guda, irin wanda masu tsaron duniya ba sa son jin yana kwana a jami'a, balle a shekarun Boko Haram. A 2018 masanan Zariya tare da na Sin da Amurka da IAEA suka zare shi suka sa mai kashi 13, a watan Disamba aka ɗauke tsohon ta jirgin sama aka mayar da shi Sin. Ita ce tukunyar bincike ta ƙarshe a Afirka da ke aiki da irin wancan. A ganina babbar ribar Samaru ba sakamakon gwaje-gwajen ba ne. Fiye da shekara 20 ke nan wasu 'yan ƙasar nan suna kunna tukunyar nukiliya suna kashewa bisa ƙa'ida, suna rubuta komai a littafi, masu binciken duniya suna zuwa suna dubawa.

A tsawon waɗannan shekaru masana'antun Kano durƙushewa suke yi. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji suka gagara. Baƙin mai ya yi wuya. Atamfar Sin ta shigo ta iyakar Maraɗi ta cika Kantin Kwari. A ƙarƙashin duk wannan kuma akwai matsalar wuta: injin saƙa ko na narka roba in aka ɗauke masa wuta a tsakiyar aiki, kayan da ke cikinsa sun lalace, don haka kowane kamfani ya zama yana da tashar lantarkinsa ta man gas a bayan gida, kuɗin kuma ya hau kan kowane yadi da kowace buta. NEPA ta zama PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rabawa a Nuwamban 2013, KEDCO ya ɗauki Kano da Katsina da Jigawa. Layin ƙasa yawanci megawat 4,000 zuwa 5,000 yake ɗauka don mutum sama da miliyan 200, rabon jihohin nan uku bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. A Afrilun 2024 aka ninka wa 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba awoyin wuta, kuɗin wuta fiye da sau uku, zuwa naira 225 kowane yunit. Gine-ginen masaƙu da dama a Sharaɗa da Bompai yau rumbunan ajiyar kaya ne.

Alkawarin tashar nukiliya kuwa an sha yi. An sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha fiye da sau ɗaya, ciki har da yarjejeniyar Oktoban 2017, an ambaci Geregu a Jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin mazauni. Ba a kafa tubali ba. Kuma ko da an kafa, ba a Kano za a kafa ba, domin wancan ruwa na uku ba ƙaramin ruwa ba ne; Geregu tana bakin Kogin Kwara, Itu tana bakin Kogin Kuros Riba. Akwai tashar Palo Verde a hamadar Arizona da ke sanyaya kanta da tataccen ruwan kwatamin birnin Finiks, amma wannan yana buƙatar birnin da kwatocinsa ke haɗe a bututu guda, abin da Kano ba ta da shi.

Ruwa ma ba shi ne babban cikas ba, layin ne. Injiniyoyi suna da ƙa'idar cewa kada inji guda ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin da yake kai, don in ya tsaya bagatatan sauran su iya ɗaukar nauyin. Tukunyar Rasha ta zamani megawat 1,200 take bayarwa, rubu'in duk abin da layin Najeriya ke ɗauka. Ranar da ta yi tuntuɓe, ƙasar duka za ta bi ta. Sannan ita kanta tashar tana buƙatar wuta daga waje. Ko an saki sanduna an tsayar da fashewa, tokar da ke cikin bututun tana ci gaba da fitar da zafi, kusan kashi 7 cikin 100 a daƙiƙun farko, yana raguwa a hankali cikin kwanaki da watanni, kuma dole famfuna su yi ta zagaya ruwa. Abin da ya faru a Fukushima ke nan ranar 11 ga Maris 2011: girgizar ƙasa ta katse layin waje, tukwanen suka kashe kansu yadda aka tsara, sai igiyar teku ta nutsar da janaretocin ko-ta-kwana, tukwane uku suka narke. Na Canobil a 1986 dabam ne, mugun fasali ne ya haɗu da ganganci a wurin gwaji, kuma babu ginin kankaren da zai tare. Ƙasar da babban layinta ke faɗuwa sau da yawa a shekara, wannan shi ne abin da za ta fara amsawa.

Sai kuɗi da lokaci. Masar tana gina tukwane huɗu a El Dabaa tun 2022 da bashin dala biliyan 25 daga Rasha. Faransa da kanta ta fara Flamanville ta uku a 2007, ba ta haɗa ta da layi ba sai Disamban 2024. Amma ba kowa ne ya sha wannan wuya ba. 'Yan kasuwar Kano da ke zirga-zirgar Dubai, kusan rubu'in wutar Daular Larabawa da suke sauka a cikinta daga tashar Barakah take, wadda Koriya ta Kudu ta fara ginawa a 2012, tukwane huɗu, megawat 5,600. Daular Larabawa ba ta da tarihin nukiliya ko kaɗan. Kuɗi ta ajiye, ta kafa hukumar sa ido mai haƙori, ta gyara layinta tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ana ta maganar ƙananan tukwane na zamani, masu megawat 50 zuwa 300, da za a ƙera a masana'anta a kawo a girka, waɗanda a takarda su suka dace da wuri irin Chalawa. Waɗanda ke aiki a duniya yau ba su cika yatsun hannu ba, a Rasha da Sin.

Abin da ya iso Kano a zahiri ƙanana ne. Ranar 30 ga Janairun 2023 Shugaba Buhari ya buɗe tashar jiragen ruwa ta kan tudu ta Dala a Zawaciki, da gonar hasken rana mai megawat 10 a yankin Chalawa. Madatsar Tiga, wadda Audu Baƙo ya gina don noman rani, an ɗora mata injin megawat 10. Bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, kuma masu masana'antu sun fi sa rai da shi fiye da komai, don gas zai kunna boila ya kuma juya farfela. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu.

A arewacin iyaka kuma tarihin ya juya da sauri. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, ƙasar da a lokacin ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga nan. Ba a mayar ba sai Maris na 2024. Iyakar Binin ta kasance a rufe, hanyar Kwatano ta toshe. Gwamnatin Janar Tiani ta ƙwace lasisin haƙar yuraniyom a Imouraren daga kamfanin Orano na Faransa a Yunin 2024, ta karɓe SOMAIR daga hannunsa ta mayar da shi mallakar ƙasa a Yunin 2025. Fiye da tan 1,000 na garin yuraniyom ya taru a Arlit, Orano ta kai ƙara kotun sasanta rikicin masu zuba jari ta Bankin Duniya a kan wanda ke da ikon sayar da shi. Wannan adadi zai riƙe tasha mai megawat 1,000 kusan shekara biyar, amma sai an mayar da shi iska, an tace, an cura, an jera a bututu, kuma babu masana'anta ko ɗaya a nahiyar Afirka da ke tace yuraniyom don tasha. Ko Koeberg ta Afirka ta Kudu, tashar nukiliya ɗaya tak da ke ba da lantarki a nahiyar tun 1984, a ƙasar da ita ma ke haƙo yuraniyom, daga waje take sayo damman da take sa wa tukwanenta biyu.